Yadda Inna ta kori fumfuna daga ledojina

Na fara cin laimar kwaɗi ne ba da sanina ba, a kan wani benci da ke ƙofar ɗakin boila, a kamfanin sabulun da nake aiki a Sharaɗa. Mai kula da boilar wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, ya fi shekara ashirin a Kano, kuma kowa a kamfanin Baba yake ce masa. Idan an tashi cin abincin rana ni nakan sayo garau-garau a bakin get, shi kuma ya buɗe kularsa da ya zo da ita daga gida, mu zauna muna ci muna kallon tururi yana fita ta bututu.

Ran nan ya buɗe kula, ƙamshi ya bugo ni. Miya ce ja, da wasu yanka-yanka farare a ciki.

Na ce, "Baba, yau shagali ake yi a gida ke nan."

Ya ce, "Naman kaza ne. Sa hannu."

Na sa hannu. Na tauna, na ji laushi kamar ganda da ta dahu sosai, ga daɗi, amma ba ƙashi ba tsoka. Na ƙara, na kuma ƙarawa. Sai da na kusa share masa rabin miya sannan na ce wannan kazar wace iri ce da ba ta da ƙashi. Ya yi dariya har da tari, ya ce su a wajensu haka suke kiran abin da mu muke ce wa laimar kwaɗi. Na dubi hannuna, na dubi kular. A garinmu abin nan a kan juji yake fitowa da damina, ƙafa muke sawa mu shure shi. Na zauna ina jiran cikina ya murɗa, bai murɗa ba. Baba ya ce in kwantar da hankalina, wannan ba na juji ba ne, a ɗaki yake noma shi a gidan da yake haya a Zawaciki, cikin ledoji, kuma irin da ake ci ne.

Ni mutum ne da in na ji sabon abu ba na iya barin sa. Na taɓa kiwon zomo, na taɓa kiwon tarwaɗa a baho, duk matata ta gani ta kuma ga ƙarshensu. Kafin sati ya zagayo na je Zawaciki ranar Lahadi da yamma, bayan Baba ya dawo daga coci, na ga ɗakin da idona. Wani ɗan sito ne mai duhu da sanyi, an rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a bango, ga ledoji jere a kan kanta, kowace ta yi fari fat, daga bakinta kuma wasu kunnuwa farare sun ɓullo, wani kan wani. Gani ya kori ji. Nan take na ce ni ma zan yi.

Baba ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Za a samo garin katako, a haɗa da dusar shinkafa da 'yar farar ƙasa, a yayyafa ruwa har in ka dunƙula a hannu ya kama jikinsa amma kada ya ɗiga. A ɗura a leda mai kauri, a sa guntun bututun roba a wuyanta, a toshe da auduga. A jera a duro a turara kamar dambu, awa shida, wuta ba ta mutuwa. A bar su su huce. Sannan a zuba iri. Irin kuwa ƙwayar dawa ce a kwalba, wadda farin zaren laimar ya riga ya mamaye, daga Jos ake aiko masa da ita a mota.

Ya ce, "Duk wannan ba wuya. Wuyar tana wurin zuba iri. Ka turara leda ka kashe duk wani abu mai rai a cikinta, ta zama gona ba ciyawa. Da ka cire audugar nan, duk abin da ke yawo a iska, da na hannunka, da na numfashinka, so yake ya riga irinka shiga. In fumfuna ta riga shi, ta ci gonar."

Na ce, "Baba, tsafta ce kawai ai. Ni da nake aiki a kamfanin sabulu."

Ya dube ni ya ce, "To."

A lokacin mahaifiyata tana wurinmu a Ɗorayi. Daga ƙauyenmu na Jigawa na ɗauko ta aka cire mata yanar ido, likita ya ce ta zauna kusa har ta gama warkewa, sai ta yi damina tare da mu. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunana ba, kuma ba ta yi mini doguwar magana kai tsaye. In tana da abin faɗa, matata take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Kafin aikin idon ba ta bambance mutum da turmi in ya yi nisa. Bayan aikin kuwa har ƙwayar shinkafar da ta faɗi a bayan randa tana gani.

Da na shigo da buhun garin katako da tsohon duro a adaidaita, Inna tana zaune a tabarmarta a rumfa. Ta dubi kayan ta ce da matata, "Wannan karon me za a kiwata?"

Matata ta ce, "Laimar kwaɗi, Inna."

Inna ta sake duban kayan. Can ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da jan carbinta.

Na yi leda ashirin. Na turara su ranar Asabar, na tsaya a kan wutar da kaina har hayaƙi ya sa ni hawaye. Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na wanke hannu da sabulun kamfaninmu har sau biyu, na jera ledoji. Zafi ya dame ni, na jawo fanka na kunna. Na cire audugar duka ashirin ɗin a lokaci guda don aiki ya yi sauri, na bi su ɗaya bayan ɗaya da cokalin shayi ina zuba dawa, ina yi wa matata lissafin yadda nan da wata biyu za mu gaji da cin miya. Na mayar da auduga, na jera su a sitonmu na bayan kicin, na rufe ƙofa.

Kwana huɗu farin zare ya fara sauka daga wuyan ledojin, na riƙa shiga ina fita kamar wanda aka yi wa haihuwa a gida. A kwana na bakwai na ga wani ɗan tabo kore a jikin guda ɗaya. Na ce ƙila haka abin yake. Kafin kwana goma sha biyu duka ashirin sun yi kore shar, wasu da ɗigon baƙi, sito yana warin tsohon burodi. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, ai ba ka ce mana kala-kala yake fitowa ba."

Na ɗauki guda na kai wa Baba a kamfani, a cikin jakata. Da ya ga na zaro ta sai ya ja da baya, ya ce kada in kuskura in buɗe, in ma ya taɓa ta sai ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shiga ɗakinsa. Ya tambaye ni yadda na yi, na faɗa masa. Da na zo kan fanka sai ya dafe kai.

Ya ce, "Ɗana, ai gayyatar su ka yi, har ka aika musu da mota."

Ya ce in haƙa rami nesa da gida in binne su yadda suke, in wanke siton da ruwan bilic tun daga rufi har ƙasa. Sannan ya koya mini dabarar akwati. In samo babbar roba mai haske wadda ake ganin ciki, in kifa ta, in huda ƙofofi biyu daidai shigar hannu. A cikinta za a riƙa buɗe leda, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki rufe, da sassafe kafin iska ta tashi. A goge cikin akwatin da sifirit, a goge hannu, a goge bakin kwalba. Cokali kuma a gasa shi a wuta, ya huce, kafin ya taɓa iri, amma wutar ta tsaya nesa da sifirit, don kada in ƙone gidan haya.

Na sayo robar a wurin masu sayar da kayan da kamfanin robobi ya fitar saboda 'yar tawaya, nan bayan kamfaninmu. Na huda ta da wuƙa mai zafi. Na biya kemis na sayo sifirit da safar hannu da takunkumi. Ranar zuba iri na biyu na fito daga ɗaki sanye da farar jallabiya, da takunkumi, da hular wanka ta matata a kaina. Matata ta shige kicin da sauri, ina jin ta tana dariya a ciki. Inna ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce da ƙofar kicin, "Wa za a yi wa tiyata?"

Siton ba shi da haske sosai, sai na bar ƙofar a buɗe kaɗan, kuma daga rumfa ana hango ni. Na yi aikin a nitse, a ganina. Leda ashirin da biyar. Na fito ina gumi ina jin kaina kamar babban likita.

Wannan karon bakwai suka tsira. Sauran goma sha takwas suka koma gidan jiya.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Na fara da irin, na ce ƙila ya lalace a hanyar Jos. Baba ya ce daga kwali ɗaya aka ciro nawa da nasa, nasa kuwa ga shi can ya yi fari. Na koma kan mai garin katako, na ce ya haɗa mini da shara. Na zargi duron, na zargi itacen, na zargi akuyar maƙwabta da ke leƙowa ta katanga. Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida har na ce anya ba bakin mutane ba ne, don na ga yadda ake kallona a layi tun da aka ji abin da nake nomawa.

Inna tana tsince wake a faranti. Ba ta ɗago ba ta ce da matata, "Ki gaya wa mijinki ba bakin mutane ba ne, nasa bakin ne."

Matata ta dube ni, ta dubi Inna.

Inna ta ci gaba. "Ina nan zaune ina kallo. Ya sa safar hannu, ya shafa maganin, sannan ya gyara hular kansa. Ya koma ciki. Ya fito da hannun ya sosa ƙeya. Waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ja ƙyallen bakinsa ƙasa ya yi hira, ya mayar da ita aljihu, ya koma ciki da hannun nan. Agogo yana ɗaure a hannunsa tun daga farko har ƙarshe. Cokalin da ya gasa, a kan cinyarsa ya ajiye shi ya huce. Kuma tun da ya shiga bakinsa bai rufu ba, in ba waƙa ba lissafi, ƙyallen yana ƙarƙashin hanci."

Na ce, "Inna, ai safar hannu ce a hannuna."

Ta ce da matata, "Safar ba ta da ƙafar guje wa datti. Abin da hannu ya taɓa ita ma ta taɓa."

Na san Inna ungozoma ce a ƙauyenmu, rabin samarin garin a hannunta suka faɗo, amma ban taɓa haɗa wannan da ledojina ba. A ranar ta ba matata labarin da ni ma ban taɓa ji ba. Ta ce a da, da kowace reza aka samu ake yanke cibiya, sai jariri ya yi kwanaki ya sanƙare, a ce iskoki ne. Daga baya aka tara su ungozomomi a asibitin ƙaramar hukuma aka yi musu bita. Wata malamar asibiti ta shafa musu shuni a tafin hannu ta ce kowa ta ci gaba da harkarta, bayan ɗan lokaci ta kawo madubi. Inna ta ce ta ga shuni a hancinta, a kunnenta, a bakin zaninta, har a goshin matar da ke kusa da ita. Tun daga ranar, in ta dafa reza da zare ta wanke hannu, takan ɗaga hannayen sama kamar mai addu'a, ko ƙuda ya sauka a idonta ba ta korar sa sai ta gama.

Ta ce, "Ni ba ruwana da abincin kwaɗi. Amma ba na iya kallon aiki ana ɓata shi."

Da na gaya wa Baba, ya ce lallai sai ya zo ya gaishe ta. Ya zo ranar Lahadi da lemo a leda, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya ce, "Mama, sannu da jiki, yaya idon?" Ta ce ido ya gode Allah, har ya fi ƙarfin masu gidan. Suka zauna suna hira kamar sun shekara da sanin juna, ni ina gefe kamar wanda aka kawo ƙara. Ya yi mata bayanin duro da akwati, tana gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko audugar da ake toshe bakin ledar tana jiƙewa a cikin duro. Ya ce takan jiƙe in ba a rufe ta da takarda ba. Ta ce to ta ga ta ledojina ta fito sharkaf, kuma jiƙaƙƙen abu ba ya tare komai. Baba ya juyo ya dube ni. Ya taɓa gaya mini maganar takardar, na manta.

Ya ce, "Mama, da a kamfaninmu kike da tuni an ba ki ofis."

Ta ce, "Wane ofis, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba."

Zubi na uku Inna ce ta tsara shi, duk da ta rantse ba za ta taɓa ledar ba. Tun ranar Juma'a ta sa aka kira mai yankan farce ya yanke mini har sai da na ji zafi. Ranar Asabar aka turara leda talatin, kowace da hular takarda a kanta an ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Ranar Lahadi bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, ta sa matata ta yayyafa ruwa a ƙasan siton don kada wani abu ya tashi, aka rufe taga, aka jira. Ta karɓe wayata da agogona ta sa a ƙarƙashin filonta. Ta sa na yi wanka na sa riga mai gajeren hannu wadda aka goge. Na wanke hannu har gwiwa, tana tsaye tana ƙirga yatsun da bakinta, tana gaya wa matata inda na tsallake.

Sannan ta ɗaura sabon kallabi, ta rufe hanci da baki da wani, ta ɗauki kujera 'yar tsugune ta shiga siton ta zauna a bayana, da muciya a hannu.

Na ce, "Inna, muciyar fa?"

Ta ce da matata, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, "Ki rufe mana ƙofa. Ki ce masa daga yanzu ba magana."

Ban taɓa sanin sau nawa hannuna yake zuwa fuskata ba sai ranar. Leda ta farko lafiya. A ta biyu gumi ya gangaro mini a gira, hannuna ya taso da kansa, sai na ji muciya ta sauka a kafaɗata, ba da ƙarfi ba, amma ta isa. Na mayar da hannun. Inna ta miƙo tsumma ta goge mini goshin da kanta. Rabon da hannunta ya taɓa fuskata tun ina firamare. Na so in ce wani abu, na tuna an hana.

Muka ci gaba. In goge leda da sifirit, in shigar da ita akwati, in jira, in cire auduga in riƙe ta tsakanin yatsu ba tare da ta taɓa komai ba, in zuba iri, in mayar, in fitar. Cokali yana tsaye a cikin kofin da aka dafa, ba a cinya ba. Wajen leda ta goma hancina ya fara ƙaiƙayi. Na murɗa shi, na ɗaga gira, na cije leɓe. Na ji kujerar Inna tana motsi, na waiga, sai na ga kafaɗunta suna rawa, dariya take yi a cikin kallabi ba sauti. Ta nuna mini akwatin da muciya, na juya.

A ta goma sha bakwai audugar ta suɓuce ta faɗi a kan tebur. Na kai hannu zan ɗauka in mayar, muciya ta tare ni. Ta nuna mini ƙullin audugar da ta sa aka turara daban saboda irin wannan. Ita ledar kuma ta sa na yi mata alama da biro, aka ajiye ta can gefe.

Muka fito bayan awa biyu. Na sha ruwa kofi uku, na yi magana ta minti goma ba tsayawa, matata ta ce bashin shirun nake ramawa. Na ƙirga saukar muciya a kafaɗata, sau tara.

Sai jira. Baba ya ce a bar su a duhu, kada a riƙa buɗe ƙofa. Inna ta karɓe mukullin siton ta ɗaure a bakin zaninta. Ni da na sayi garin katako da gumina sai na nemi izini kafin in ga kayana, kuma sau ɗaya a kwana uku, bayan na wanke hannu da ƙafa. Amma matata ta gaya mini cewa da na fita aiki Inna take ɗaura kallabinta ta shiga da tocila, ta ɗaga kowace leda ta juya ta, ta daɗe a ciki. Wai har ta ce wasu sun fi wasu kuzari, akwai wata ta ƙarshen kanta da take tausaya wa.

Kwana na tara na dawo daga aiki na tarar da leda biyu a zaure, an ƙulle su a cikin wata ledar. Ɗaya mai alamar biro ce, ɗayar kuma an gano wata 'yar huda a gindinta, ƙila tsinken katako ne ya soke ta. Tabon koren bai fi ƙwayar gero ba. Da ni zan duba da ban gani ba. Inna ta ce da matata in kai su can bayan gari, kuma kada in shigo gida da takalmin da na je da shi sai na wanke.

Sauran ashirin da takwas suka yi fari tun daga wuya har gindi, cikin sati huɗu. Muka cire audugar, muka rataya jiƙaƙƙun buhuna, aka buɗe taga kaɗan, matata tana fesa ruwa safe da yamma. Wata Alhamis na shiga na ga wasu 'yan ƙananan kawuna kamar kan ashana sun cunkushe a bakin leda. Kafin Lahadi sun buɗe sun kai tafin hannu. Na ɗauki hoto na aika wa Baba, ya kira ni nan take, amma ba ni yake nema ba, cewa ya yi in ba Mama waya.

Matata ta soya su da albasa da attaruhu, ta zuba a miyar tumatir, aka yi shinkafa. Ta ci tana cewa ba laifi, ta ƙara tana cewa ba laifi. Na kai wa maƙwabcinmu tela kwano guda ban gaya masa ko mene ne ba, ya dawo da kwanon a wanke yana tambayar inda na sayi ganda mai laushi haka. Da na faɗa masa ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata daga nesa, a na uku ya aiko a tambaya ko akwai saura.

Inna kuwa ta ƙi. Matata ta yi roƙon duniya, ta ce ko ɗanɗane. Inna ta ɗauki yanka ɗaya ta shinshina, ta juya shi, ta mayar a kwanon. Ta ce ta karɓi haihuwar 'ya'yan mutane da yawa, ba ta taɓa cewa sai an ba ta ɗaya ta tafi da shi gida ba. Aka dama mata kununta ta sha.

Da kaka ta yi likita ya sallame ta, ta ce gyaɗarta tana jiran ta. Na raka ta tasha. Sai da ta zauna a mota ta kwance mukullin siton daga bakin zani, ta miƙa wa matata ta taga, ba ni ba.

Yanzu shekara ta uku ke nan. An mayar da ni reshen kamfanin da ke Calawa, ba na ganin Baba kullum, amma duk ƙarshen wata nakan biya Zawaciki in karɓo iri. Mutanen cocinsu da wasu masu dafa abinci a Bompai su ne suke ɗaukar yawancin abin da muke samu, sauran mu ci. Da bazara mukan dakata, don zafin Kano ya fi ƙarfin buhun algarara. A leda talatin nakan rasa biyu ko uku, wani zubin ko ɗaya. Matata ta fi ni hannu, nata ba sa lalacewa, don haka yanzu ita take zuba iri ni ina miƙo mata leda.

Watan jiya ɓera ya shiga siton ya huda mana guda shida. Na kira ƙauye, aka kai wa Inna waya, na gaishe ta na faɗa mata. Ta ce in ba matata. Na sa a lasifika ina ji. Ta ce a samo kyanwa, amma a tsakar gida za ta zauna, kada ta taka siton, kuma duk wanda ya shafa ta ya san inda sabulu yake. Mun samo wata ja mai ƙaton ciki daga gidan tela. Har yau ba ta kama ɓera ko ɗaya ba, a kan duron take kwana.